Yadda za ka fito da kayanka daga kwastam ta intanet kana zaune a Kano

Yawancin kayan waje da ake sayarwa a Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da Ƙofar Ruwa ta teku suke zuwa, tekun kuwa yana nesa da mu da kusan kilomita 1,000. Shi ya sa shekara da shekaru ɗan kasuwar Kano ya saba da miƙa wa wani mutum a Legas kuɗi da takardu, ya dawo gida ya zauna jiran waya. In aka ce masa fayil ya maƙale, ba shi da hanyar sanin a teburin wa ya maƙale. In aka ce kuɗin fito ya ƙaru, sai dai ya ciko. Kwantena kuma tana can Apapa ko Tin Can, kuɗin ajiya yana hawa kanta kullum.

Yanzu mafi yawan wannan aiki ya koma kwamfuta. Tun Disamban 2013 Hukumar Kwastam ta karɓi tantance kaya daga hannun kamfanonin da aka ba kwangila, ta fara fitar da takardar PAAR da kanta, wato takardar tantance kaya kafin su iso, wadda ake buga kuɗin fito a kanta. An yi shekaru ana aiki da manhajar NICIS II, sannan a ƙarshen 2024, ƙarƙashin shugabancin Bashir Adewale Adeniyi, hukumar ta fara gwada sabuwar manhaja mai suna B'Odogwu a tashar PTML ta Legas, aka faɗaɗa ta zuwa sauran tashoshi a 2025. Ita hukuma ta samu sauƙin sanin abin da ke shigowa da abin da aka biya. Kai kuma ɗan kasuwa ka samu damar ganin halin da takardunka ke ciki da idonka.

Amma fa kwamfuta ba ta san Alhaji ba, kuma ba ta jin roƙo. Aikinta gwama takarda da takarda. In suna da adadi da nauyi da farashi suka zo ɗaya a ko'ina, ka wuce. In suka saɓa, ka tsaya, kuma gyara bayan jirgi ya taso ya fi komai tsada. Don haka fito da kaya yana farawa ne tun kafin ka tura wa mai kaya ko sisi a birnin Gwanzu na Caina ko Dubai. Tun ran gini, tun ran zane.

Na farko: komai ya kasance da sunanka

Ka yi wa kasuwancinka rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka samu lambar haraji ta TIN daga hukumar tara haraji ta tarayya, ka buɗe asusun kamfani a bankin da ke harkar kasuwancin ƙasashen waje. Da lambar TIN ɗin nan ake yi maka rajista a shafin kwastam, a ba ka sunan shiga da lambar sirri. Ka duba yadda aka rubuta sunan kamfanin a takardar CAC, harafi da harafi, ka tabbata haka yake a wajen TIN da banki. "Abdullahi" a nan, "Abdulahi" a can, ya isa ya sa manhaja ta ƙi ka.

Akwai wata al'ada da ta zauna mana a kasuwa wadda nake roƙon a bar ta, wato aron takardun kamfanin wani, ko barin ejan, wato wakilin da ke fito maka da kaya daga kwastam, ya shigo da kaya da sunan nasa kamfanin. A idon doka, wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai kaya. In rigima ta tashi tsakaninku, ba ka da abin nunawa. In kuma wancan kamfani yana da tabo a wajen kwastam saboda wani lodi da ba ka san da shi ba, kayanka ne za su sha bincike. Sannan duk shekarun da ka yi kana biyan kuɗin fito cif-cif, wani ne ke tara kyakkyawan suna da su.

Imel da lambar wayar da za a yi rajista da su ma su zama naka. In ba ka iya kwamfuta ba, ba abin kunya ba ne. Ka sa ɗanka ko amintaccen yaron shago ya koya, ya riƙa buɗewa a gabanka. Lambar sirri kuwa ba a ba wa ejan, kamar yadda ba ka ba shi makullin sito.

Na biyu: ka san lambar kayanka da izinin da suke buƙata

Kowane irin kaya yana da lambarsa a kundin kuɗin fito, ana kiranta lambar HS, kuma a nan Najeriya alƙaluma 10 ce. Ita ke yanke nawa za ka biya. Tun 2015 muke bin tsarin kuɗin fito na bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, mai hawa biyar: kashi 0, da 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari. A dunƙule, ɗanyen kaya da injinan masana'antu suna ƙasa, kayan da aka sarrafa rabi suna tsakiya, kayan da aka gama haɗawa don mai saye suna kashi 20, waɗanda gwamnati ke son kare masana'antun gida daga gare su kuma suna sama. Wasu kayan ana ɗora musu ƙarin haraji a kan wannan.

Bari mu buga lissafi na misali don ka ga nauyin maganar. A ce kuɗin kayanka, haɗe da kuɗin jirgi da inshora, ya kama naira miliyan 50, kuma suna rukunin kashi 20. Kuɗin fito miliyan 10 ke nan. Harajin ECOWAS na kashi 0.5 ya kama naira 250,000. Harajin VAT na kashi 7.5 ana buga shi ne a kan jimillar kuɗin kaya da kuɗin fito da sauran caje-caje, wato a nan zai haura miliyan 4.5. Ka ga ka doshi miliyan 15 tun kafin ka biya kamfanin jirgi da tasha da mota. Akwai wasu caje-cajen kuma da gwamnati ke sauyawa lokaci zuwa lokaci. A 2025 an kawo cajin kashi 4 a kan farashin kaya, aka dakatar da shi bayan masu masana'antu sun koka. Saboda haka ranar da za ka yi lissafinka ka tambayi banki abin da ke aiki a ranar, da kuma farashin canjin da kwastam ke amfani da shi.

Yanzu ka ga in wani ya ce zai shigar maka da kayan nan a lambar kashi 5, miliyan 7.5 yake cewa zai rage maka a kuɗin fito kaɗai. Abin yana da daɗin ji. Sai dai ranar da aka buɗe kwantena aka ga abin da ke ciki, za a buga maka takardar neman ciko, wadda 'yan harka ke kira DN, ga tara, ga kuɗin ajiya na kwanakin da aka ɓata, kuma lambar TIN ɗinka ta shiga jerin waɗanda ake sa wa ido. In kana da shakka ta gaskiya a kan lambar kayanka, tun 2024 kwastam ta buɗe hanyar neman hukunci tun kafin shigo da kaya: ka rubuta, ka bayyana kayan, su ba ka amsa a rubuce wadda za a yi aiki da ita a tasha. Masu masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai, da ke shigo da sinadarai da sassan inji, su ne suka fi buƙatar wannan.

Ka duba jerin kayan da aka haramta shigowa da su a shafin kwastam, irin su daskararrun kaji da taliya, domin jerin yana sauyawa. Sannan ka nemi izinin hukumar da abin ya shafa. Kayan lantarki, da tayoyi, da kayan gini da makamantansu suna ƙarƙashin shirin SONCAP na hukumar SON. Takardunsa biyu ne: ta shaidar ingancin samfurin, wadda ake buƙata wajen buɗe Form M (takardar sanar da shigo da kaya, bayaninta na tafe), da ta wannan lodin, wadda ake buƙata wajen PAAR. Dukansu ana samun su ne ta hannun kamfanonin da SON ta amince da su a ƙasar da za a yi lodi, don haka ka yi maganarsu da mai kaya tun ana ciniki. Abinci da magani da kayan shafe-shafe da sinadarai na NAFDAC ne. Tsirrai da dabbobi da abin da ya fito daga gare su na hukumar NAQS ne, mai duba lafiyarsu.

Na uku: Form M

Ita ce uwar takardu. Da ita kake sanar da Babban Banki da kwastam abin da za ka shigo da shi, kuma dole a buɗe ta kafin a yi lodi. Za ka karɓi takardar farashi ta farko daga mai kaya, wadda ake ce wa furofoma, ka yanki inshorar kayan a wani kamfanin inshora na Najeriya, ka haɗa da takardun izinin da muka ambata. Sai ka shiga shafin ka cike, ka ɗora hotunan takardun, ka zaɓi bankinka ka tura. Banki zai duba ya miƙa wa kwastam, in babu matsala a yi mata rajista, a ba ka lamba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne bayanin kaya. Mai kaya ya rubuta "yadi" ko "kayan gyara" ya yi shiru, wannan ba bayani ba ne. A faɗi irin zaren, da faɗin yadin, da yawan dila ko katan, da farashin kowane ɗaya, da ƙasar da aka yi shi, da kuɗin jirgi daban. Ka mayar masa da furofoma sau nawa ne ma har ta fito daidai. Za kuma a tambaye ka ko ta banki za ka sayi kuɗin waje ko kana da naka. Ka zaɓi abin da yake gaskiya, domin banki zai nemi takardun da suka dace da zaɓinka. Form M tana da wa'adi, ka tambayi banki ranar ƙarewarta ka rubuta.

Da lambar ta fito, ka tura wa mai kaya, ka ce ya sa ta a jikin duk takardun lodi.

Na huɗu: ina za a sauke?

Wannan mataki ya shafi Bakano fiye da kowa, kuma da yawa ba sa tuna shi sai jirgi ya kama hanya. Muna da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023, kuma gwamnati ta ba ta matsayin tashar da kaya za su iya tashi daga cikinta ko su ƙare a cikinta. Akwai kuma wasu wuraren ajiyar kwantena da ke ƙarƙashin kulawar kwastam a cikin gari, ga sashen kaya na filin jirgin Malam Aminu Kano ga masu kawowa ta sama, kamar 'yan waya na Farm Centre. Duka suna ƙarƙashin ofishin kwastam na Kano da Jigawa.

In kana son a buɗe kayanka a gabanka a nan gida, sai ka faɗa tun a Form M, kuma takardar lodin jirgi, wadda ake kira BL, ta nuna Kano ce maƙurar tafiyar. Kafin ka yanke, ka tambayi kamfanin jirgin ko yana ba da BL har zuwa Kano, da kwana nawa zai ba ka kafin ya fara cajin jinkirin dawo da kwantena, domin tafiyar zuwa da komawa tana cin kwanaki. Ka kwatanta kuɗin hanyoyin biyu a takarda. A ganina, ko da kuɗin ya zo kusa da juna, tsayawarka a kan kayanka ranar bincike riba ce babba.

Ka roƙi mai kaya ya turo maka daftarin BL kafin a buga ta ƙarshe. Ka duba sunan kamfaninka, da lambar kwantena, da lambar hatimin da aka rufe ta da shi, da nauyi, da yawan katan. Abin da ke jikin BL shi kamfanin jirgi zai tura wa kwastam a manifes ta intanet, kuma gyara manifes yana cin kuɗi da lokaci.

Na biyar: PAAR

Da jirgi ya taso, mai kaya zai aiko maka da takardun ƙarshe: rasit na ƙarshe, da jerin abin da ke cikin kowane katan, da BL, da shaidar ƙasar da aka yi kayan, da takardar SONCAP ko ta hukumar da ta dace. Ka kai wa banki a ranar da suka iso. Banki ne zai ɗora su ya nemi PAAR, kwastam kuma ta duba lambar HS da farashin da ka faɗa, ta fitar da takardar da za a buga kuɗin fito a kanta. Jirgi daga Caina yakan yi makonni a kan ruwa, kuma waɗannan makonni kyauta ne aka ba ka ka gama komai. Burinka PAAR ta fito jirgi bai iso ba.

In ta fito ka ga an ɗaga farashin sama da abin da ka saya, ko an sauya maka lamba, kana da damar ƙorafi ta hannun banki. Hujja ake so: shaidar tura kuɗi ta banki, da yarjejeniyar ciniki, da takardar farashin masana'anta. A nan ne wanda ya biya mai kaya ta hanyar da ba ta bar takarda ba yake rasa abin faɗa.

Na shida: ejan, da biyan kuɗi

Shigar da takardar bayyana kaya, wadda ake kira SGD, aikin ejan ne mai lasisin kwastam. Ka nemi ganin lasisinsa na wannan shekara, ka tambayi 'yan kasuwar da ya yi wa aiki, ku rubuta yarjejeniya da ta raba ladansa daban, kuɗin gwamnati daban, kuɗin kamfanin jirgi da na tasha daban. Wanda ya ce maka "kawo kaza in kawo maka kaya har sito" ba tare da ya warware maka ba, ka yi hattara da shi, ko da kuɗinsa ya fi na kowa sauƙi.

Bayan ya shigar da SGD, manhaja za ta fitar da takardar kuɗin da ake bin ka, mai ɗauke da lamba. Ka ce ya turo maka ita. Ka gwama ta da PAAR, sannan ka biya da kanka daga asusun kamfaninka ta banki. Wannan shi ne babban abin da komawa kwamfuta ya ba ɗan kasuwar Kano: kana reshen bankinka a nan gari za ka biya kuɗin fiton kwantenar da ke Legas ko tashar Onne ta jihar Ribas, rasit ya fito da sunanka, biyan ya bayyana a wajen kwastam ba tare da kowa ya ɗauki takarda ya kai ba. Kuɗin gwamnati ba ya bi ta asusun wani mutum.

Wani lokaci manhajar takan tsaya ko ta yi nauyi, kuma masu aikin fito da kaya sun koka da haka sosai a 2025 lokacin sauya tsari. In hakan ta same ka, ka ɗauki hoton saƙon da ya fito da ranarsa, ka rubuta wa banki da kamfanin jirgi ta imel. Da irin wannan shaida ake neman rangwamen kuɗin jinkiri daga baya.

Na bakwai: layin bincike da fita

Da an biya, kwamfuta za ta jefa kayanka ɗaya daga cikin layuka. Kore, a sake su ba tare da an buɗe ba. Shuɗi, a sake su a biyo ka da binciken takardu daga baya. Rawaya, a tsaya a duba takardu. Ja, a haska kwantena da na'ura ko a buɗe ta a ƙirga. Irin kayan, da ƙasar da suka fito, da tarihin mai shigo da su, da na ejan ɗinsa, su ke yanke layin. Sabon shiga ya sa rai da ja, kada ya ɗauka an tsane shi. Kamfanonin da suka daɗe da tsabtataccen tarihi kuwa suna iya neman shiga shirin amintattun 'yan kasuwa na AEO, wanda aka ƙaddamar a 2025, inda ake rage musu bincike.

In an sake kaya, ejan zai biya kamfanin jirgi da tasha, ya karɓi takardar fita. Ka ba direba kwafin SGD da PAAR da rasit na biyan kuɗin fito da takardar sakin kaya, kai ma ka riƙe hotunansu a waya, domin jami'an sintiri na kwastam suna tare motoci a hanyar Legas zuwa Kano, kuma da lambar SGD suke duba gaskiyar biya. Bayan kaya sun shiga sito kada ka zubar da komai. Kowane lodi da jakarsa, ta takarda da ta kwamfuta, saboda hukumar tana da ikon dawowa binciken bayan fito.

Ga wanda bai kai cika kwantena ba

Da yawa daga cikin 'yan Kwari da Kofar Wambai da mata masu saro kaya ta hannun 'yan kago suke kawowa, a haɗa kayan mutum ashirin a kwantena ɗaya da takardun kamfanin kago. Hanya ce da ke aiki, amma kafin ka ba da kaya ka tambaye su da wane suna suke buɗe Form M, kuma ko za su ba ka kwafin SGD da rasit in kaya sun iso. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba. Ka kuma tambayi irin kayan da suke haɗawa da naka, domin katan ɗaya na haramtaccen magani yana iya jawo a riƙe kwantenar gaba ɗaya. In kuna da yawa masu saro kaya iri ɗaya, ku yi shawarar yin rajistar kamfani ko ƙungiya, ku riƙa shigowa da sunanku.

Masu fitar da kaya

'Yan Dawanau masu fitar da riɗi da zoɓo da citta su ma tasu hanyar ta koma intanet. Bayan CAC da TIN, sai rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC. Maimakon Form M, takardar NXP ake cikewa ta shafin Babban Banki a tura wa banki, a biya cajin duba kaya na kashi 0.5, kamfanin da gwamnati ta naɗa ya duba ya ba da takardar shaida, hukumar NAQS kuma ta ba da shaidar lafiyar amfanin gona. Ka tambayi mai saye tun farko irin feshi da gwajin da ƙasarsa ke buƙata, domin kowace ƙasa da nata sharaɗin. Kuɗin da aka biya ka dole su dawo ta asusun da ka buɗe NXP da shi cikin kwana 180 daga ranar lodi, banki kuma ya rufe takardar a manhaja. In ka bar ta a buɗe, ita za ta tare maka hanya ranar da ka zo buɗe ta gaba.